Katin da Alhaji Garba Ya Sayo Daga Legas

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, ranar da Malama Hajara ta shigo shagonmu na gyaran kwamfuta a Yelwa da jakar kyamara a kafaɗa, ta gaishe mu, ta ce tana son a haɗa mata kwamfutar da za ta iya yin ƙarya. 'Yan makonni ne kafin kullen korona, ana tsakiyar cirar albasa, zafi ya fara kankama. Lokacin ni ne babban ma'aikaci a ƙarƙashin Oga Bawa mai shagon. Shi ke karɓar aiki ya yanke magana da mai kaya, ni ke kwance kusoshi in shiga ciki. Aikin namu kuwa kullum ɗaya ne: allo ya fashe, ƙwayar cuta ta shiga, firinta ta haɗiye takarda. Na kai matakin da ko ido rufe zan yi su, don haka da na ji maganarta sai na ajiye sukudireba na juyo da kujera.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce ke tayar da ita, ita ce kuma ke tafiyar da sauran manhajoji. Wadda muka saba da ita ba ta da tsirfa, duk ƙarfen da ka ɗora ta a kai za ta zauna. Amma akwai wani kamfani a Amurka da ke ƙera kwamfutarsa ya kuma rubuta mata tata manhajar, kuma manhajar nan ba ta yarda ta tashi sai a kan ƙarfen gidansu. Masu tace fim suna son ta ƙwarai, sai dai tsadar kwamfutar ta fi ƙarfin mai fara sana'a. Shi ne wasu masu bin diddigi a duniya suka gano dabara. Ka zaɓo sassa masu kama da na kamfanin, ka haɗa su da hannunka, sannan ka sa wata 'yar manhaja a gaba wadda za ta riƙa gabatar da kowane sashe da sunan da babbar ta sani. Kamar dai ka kai baƙo gidan biki ka ce ɗan'uwan ango ne. Ƙaryar da Hajara take nufi ke nan, kuma na daɗe ina karanta labarin dabarar a waya ban samu wanda zai sa ni in gwada ba.

Ita Hajara a Kaduna ta koyi ɗaukar bidiyo da tace shi. Da ta dawo gida sai wata ƙungiya mai tallafa wa mata ta ba ta aikin gwaji: gajeren fim a kan matan da ke bandar kifi a Wara, bakin tafki. Ta riga ta ɗauko komai. Matsalar ita ce babban mai tacewa na ƙungiyar, can Abuja, ya ce sai a cikin manhajar tace fim ta wancan kamfanin zai karɓi aikin, don ya iya buɗewa ya gyara. Sun ba ta wa'adi zuwa wata Juma'a. A gida kuma mahaifinta, Alhaji Garba mai albasa, ya riga ya kafa sharaɗi: in aikin nan ya fito ta ci gaba da sana'arta, in bai fito ba ta rataye kyamara ta karɓi aikin koyarwa da ya samo mata a wata firamare.

Da ta fita, Oga Bawa ya dube ni ta saman tabarau. "Nasiru, wanga aiki halas na kuwa?"

Na ce masa ba kayan kowa za mu sata ba, amma ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a ɗora manhajarsu a kan ƙarfen wani ba, kuma in ta lalace babu wanda za mu kai wa ƙara. Na ce haka zan faɗa wa mai aikin ba ɓoye-ɓoye, kuma na faɗa mata, na ƙara da cewa kada ta kuskura ta danna sabunta manhaja ba ta tambaye ni ba.

Oga ya ce, "To. In ta tashi, sunan shago na. In ta ƙi, sunanka na."

Yawancin sassan ba su ba mu wahala ba. Akwati da allon da komai ke hawa kansa muna da su, ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar bayanai muka sa aka kawo daga Kontagora. Abu ɗaya ya rage, shi ne katin hoto. Wannan kati shi ke zana duk abin da ka gani a allo, kuma a tace fim shi ke ɗaukar mafi nauyin kaya. Manyan gidaje biyu ne ke ƙera shi a duniya. Manhajar da muke son ɗorawa kuwa, a lokacin, 'ya'yan gida ɗaya kawai ta sani, na ɗayan gidan ko kallonsu ba ta yi. Na bincika na zaɓi wani ɗan matsakaici, tsoho, wanda ake samu na hannu a Legas, na tura wa Hajara sunansa da hotonsa.

To a garin nan kun san ba wanda ke tashi ya tafi Legas don abu ɗaya. Saƙo ake ba 'yan albasa. Kuma a makon nan Alhaji Garba da kansa zai bi motarsa. Sai dai Hajara 'yar fari ce. Alhaji ba ya kama sunanta, ba ya zama ya yi hira da ita, in zai ambace ta sai ya ce "yarinyar ga" ko "waccan". Duk maganar da ke tsakaninsu ta hannun Innarta take bi. Saboda haka saƙon nawa ya tashi daga gare ni zuwa Hajara, daga Hajara zuwa Inna, daga Inna zuwa Alhaji. Sunan kati ya isa lafiya lau. Dalilin da ya sa sai shi kaɗai ne ya faɗi a hanya.

Ranar da Alhaji ya dawo, da kansa ya zo shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗora wani ƙaton kwali a kan tebur, ya share zufa da hular hannunsa.

"Injiniya, wanda ka rubuta na gane shi da idona. Tsoho na, na hannu, hwanka biyu gare shi. Mai shagon yac ce wanga ya hi shi nesa ba kusa ba. Nac ce a ba ni shi. In za a yi abu, a yi shi da kyau."

Na duba kwalin. Sabo ne fil, fanka uku, har da fitilu masu canza launi. Ban taɓa riƙe kati mai ƙarfinsa ba. Kuma ɗan ɗayan gidan ne, gidan da manhajar ba ta gaisawa da su. Oga Bawa yana ta zuba yabo, Alhaji yana murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. Me zan ce? Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi.

Duk da haka na gwada, don ni mutum ne da ba na yarda da abin da aka faɗa sai na gani. Na haɗa komai, na sa filashin da ke ɗauke da manhajar, na kunna. Fararen rubuce-rubuce suka riƙa gangarowa a baƙin allo, manhajar tana bin sassan ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowa ɗan gidan wa ne. Ƙwaƙwalwa ta wuce, ma'ajiya ta wuce. Da aka zo kan kati sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankokin nan uku suna ta juyi, fitilu suna ta rawa, hoto babu. Na canza saiti, na ba katin sunan ƙarya iri-iri, na karanta abin da mutanen ƙasashe suka rubuta har idona ya yi ja. Amsar kowa ɗaya ce: kamfanin bai rubuta wa irin wannan kati direba ba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin kati da babbar manhaja, kuma ba wanda ya iya rubuta ta a waje. Don in tabbatar, na ɗora manhajarmu ta kullum. Katin ya tashi kamar zai fita da gudu. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, a ce ƙarfe lafiyayye haka ya zama kurma don kawai ba a san gidansu ba.

Da na faɗa wa Hajara, sai ta zauna a kan benci tana murza igiyar jakarta.

"Malam Nasiru, ba ni iya hwaɗa mai," ta ce. "Tun da anka haihe ni bai taɓa sayo wani abu ya ɗauko da hannunai don ni ba, sai dai ya ba Inna ta saya. Kuma da, ko zancen aikin ga ba ya so a yi gabanai."

Na ji tausayinta ƙwarai. Na ce ta ba ni lokaci.

A bayan tasha akwai gidan gem na wani abokina Ishaya, inda samari ke biya su buga wasan ƙwallo a kwamfuta. Ni ke gyara masa injinansa, don haka na san ɗaya daga cikinsu na ɗauke da ainihin tsohon katin da na rubuta. Na roƙe shi aro. Na kawo, na cire na Alhaji, na sa na Ishaya, na kunna. Rubutu ya gangaro, ya wuce inda yake tsayawa, allo ya ɗan yi ƙifta, sai ga manhajar nan ta buɗe tana yi mana maraba da harsuna kala-kala, a cikin akwatin da na haɗa da hannuna a Yelwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Sauti da intanet suka ɗan yi gardama, na lallaɓa su da nasu direbobin, kafin la'asar komai ya zauna. Oga Bawa ya zagayo ya duba ya ce dama shi ya san shagonsa ba ya kunya.

Hajara ta fara aikinta a kusurwar shagon, saboda muna da sola. Nakan saci kallo ina gyaran wata firinta. Ga wata tsohuwa tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya rufe mata fuska tana magana tana dariya, ga jirage can bayanta a kan ruwa. Hajara za ta yanke nan, ta matso da can, ta sake saurara, ta sake yankewa. Ni dai ban san fim ba, amma na lura ina mantawa da firintar.

Saura maganar Alhaji, wanda yanzu ya koyi biyowa ta ƙofar shagonmu in zai je kasuwa. Sai wata dabara ta faɗo mini. Allon da sassan ke hawa kansa yana da gurbin kati biyu. Na mayar da na Alhaji a gurbin sama, inda ake hangen shi ta gilashin akwatin, na sa na Ishaya a ƙasa, na umarci manhajar ta yi kamar ba ta ga na saman ba. Wayar allo tana jikin tsohon, fitilu suna jikin sabon. Washegari Alhaji ya leƙo, ya ga fankokinsa suna juyi, ya gyaɗa kai ya wuce. Na ji kaina wani gwani.

Gwanintar ba ta yi nisa ba. Aiki na ƙarshe a tace fim shi ne fitarwa, inda kwamfuta ke ɗinke duk yanke-yanken su zama fim ɗaya, kuma a nan take jan wuta iya ƙarfinta. Akwatin wutar da ke ciki, mai raba wa sassan wuta, ɗan madaidaici ne, na kati ɗaya na yi lissafinsa. Katin Alhaji kuwa, da yake ba direban da zai ce masa ya huta, sai ya zauna yana shan wuta yana hura zafi a banza, ga zafin gari. Fitarwa ta kai tsakiya, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Muka sake, ta sake ɗaukewa. Na cire na Alhaji don gwaji, amma kafin mu yi nisa sai ga Ishaya a ƙofa, ya ce samarinsa sun dame shi, injin ɗaya a kashe, katinsa yake so. Ranar Laraba ce.

Idon Ishaya ya faɗa kan sabon katin a tebur, ya kasa ɗaukewa. Ya ce in musaya za a yi, shi a shirye yake yanzu-yanzu. Na dubi Hajara.

"Ba a musayar kyautar uba bayan idonai," ta ce.

Oga Bawa ya ce, "Nasiru, kai ka ɗauko kayan ga, kai za ka sauke su." Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na roƙi Ishaya ya ƙara mini kwana ɗaya.

Da hantsin Alhamis na sami Alhaji a wurin lodi, zaune kan buhu, ana ɗinke bakin buhunan albasa a gabansa. Na gaishe shi, na tambayi hanya, na tambayi kasuwar Legas, na koma na tambayi hanya.

"Injiniya, kana ta zagaye kamar mai neman aure. Mi ya hwaru?"

Na ce, "Alhaji, motarka dizal take sha. Da wani zai kawo maka fetur wanda ya fi kowane kyau a duniya, zai tayar da ita?"

Ya ɗago ya dube ni. Na faɗa masa komai, har da katin aro da fitilun da ya gani suna rawa ba aikin da suke yi. Ina magana ina jiran faɗa, don mutum ne da aka sani da zafi a kasuwa. Ya daɗe yana ɓare bawon wata albasa da farce.

"To don mi ba a hwaɗa man dalili ba? Suna kaɗai anka ba ni."

Na ce gaskiya ne.

Ya kori masu ɗinkin da hannu suka matsa gefe. Ya rage murya. "Bar zancen ƙarhe. Yarinyar ga, ta iya aikin ga kuwa, ko kunyata kuke ji? Ni ban san kan abin ba. Shi ya sa nac ce a ba ni babban, ko hannunta bai kai ba, ƙarhe shi cika mata."

A nan ne na gane abin da ke cikin kwalin nan. Na ce, "Alhaji, ni gyara na sani, ba fim ba. In na ce ta iya, za ka ce kara na yi maka. Ka zo ka gani da idonka."

Ya miƙe ya kaɗe riga. "Ina gidan yaron mai tsohon katin?"

Alhaji Garba, wanda ya sha cewa gidan gem matattarar 'yan zaman kashe wando ce, shi ne ya yi sallama a ƙofar Ishaya da kwali a hammata. Samari suka ajiye abin wasa suna sunkuyar da kai, wasu suka sulale ta baya. Ya zauna ya buɗe ciniki kamar yana gaban dillalan Legas. Ya tambaye ni me kuma kwamfutar ke buƙata, na ce akwatin wuta mai ƙarfi. Ya ce to shi ne cikon. Ishaya ya ce, "Baba, ai ka tatse ni." Alhaji ya ce, "Sabo hul na kawo ma, da kwalinai. Kai tsoho za ka ba ni." Suka tafa, kowa na ganin shi ya ci riba.

Na haɗa kafin azahar. Hajara ta danna fitarwa, muka zuba wa layin da ke nuna ci gaba ido, yana tafiya kamar ba ya so. Ya wuce tsakiya, ya ci gaba, ya kai ƙarshe. Alhaji ya dawo daga masallaci, Oga ya ba shi kujerarsa. Hajara ta kunna fim ɗin ta koma gefe ta tsaya, kanta a ƙasa.

Ya kalla har ƙarshe bai motsa ba. Ya ce a sake. A karo na biyu, wurin da tsohuwar ke ba da labarin yadda take tashi tun asuba neman itacen banda, na ga ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ya ƙare sai ya juyo wajena, alhali ga ɗiyarsa tsaye kusa da kafaɗarsa.

"Injiniya, ka hwaɗa mata jibi muna lodin mota biyu. Ta zo da na'urarta ta ɗauka, kamar yadda ta ɗauki matan ga. A sa hal da masu ɗinkin buhu."

Ko Abuja ba a aika wa ba tukuna. Hajara ta share ido da gefen mayafinta, ita ma ni ta kalla.

"Malam Nasiru, ka ce mai na ji."

Na juya na ce, "Alhaji, ta ce ta ji." Ya ce madalla, ya sa hularsa ya fita.

Abuja sun karɓi aikin, daga baya ma suka tura ta Shanga ta ɗauki masu noman shinkafa. Kwamfutar ta yi mata shekaru kafin ta sayi ta ainihi.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke koyon aikin nan, shi ne wannan. Tun daga ranar ban sake ba da saƙon sashe da suna kaɗai ba. Nakan nemi wanda zai sayo da kansa, in zaunar da shi in faɗa masa dalili, ko da zai ce na cika surutu. Mutanenmu in suna son ka ba sa sayo abin da ka ce, abin da ya fi shi suke sayowa, ita kuwa kwamfuta ba ta san kara ba. Kuma in mutum ya ajiye muku kaya a tebur, kafin ku ce ba zai yi ba, ku ɗan tsaya ku duba me ya sa ya ɗauko shi. Wani, abin da ya kasa faɗa wa ɗansa da baki ne ya sa a kwali ya kawo.